Shingen da Dakta Ta Kafa

Duk wanda ya taɓa aiki a cibiyar binciken nan ya san Dakta, ko da gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba. Ita ce doguwar matar nan mai takalmin roba da malafa a kan mayafi, wadda kowace Talata da hantsi za ka hango ta a filin bayan tankin ruwa tana tafiya sannu-sannu kamar mai neman allura. Shekara ashirin da shida tana wannan tafiya. Taku ɗari huɗu zuwa, ɗari huɗu dawowa, hanya ɗaya, lokaci ɗaya, tana ƙirga malam-buɗe-littafi tana rubutawa. Mijinta, malamin lissafi ne mai barkwanci, yakan rantse cewa ranar da ta haifi autarsu abin da ta fara tambaya shi ne yau wace rana ce.

"Da ni ma ina da fiffike," yakan ce wa baƙi, "da tuni an san ina gidan nan."

Ba kowane iri take bi ba. Nata wani ɗan mitsitsi ne shuɗi, bai fi farcen babban yatsa ba, kuma a duk yankin babu inda ya rage sai wannan filin. Tun tana ɗaliba ta gan shi, ta kwanta rub da ciki a ƙasa tana kallonsa, kuma a gaskiya ba ta sake tashi ba. Ita ta gano cewa macen ba ta yin ƙwai sai a kan wata ciyawa guda mai yaɗo, mai ɗan fure rawaya. Sai ta sauka ta bubbuga ganyen da ƙafafunta na gaba, don da ƙafa take ɗanɗano, in bai yi mata ba ta ƙara gaba. Tsutsar da ke fitowa kuwa kiyashi ne ke renonta: tana fitar da ɗan ruwa mai zaƙi su sha, su kuma su tsare ta daga masu cin ta. Da wannan ta zama Dakta, da shi aka san sunan cibiyar.

To, akwai wani tsoho a bayan katanga, Baba mai awaki, wanda tun kafin a gina tankin yake kiwo a filin. Awaki goma sha bakwai gare shi, kuma akuya ai ba ta san bincike ba. Wata rana Dakta ta yini tana ɗaura jan zare a ganye arba'in masu ƙwai. Washegari ta zo ta tarar babu ganye, babu ƙwai, zaren ma an haɗa da shi.

Kai, ranar an ga tashin hankali! Ta yi uwa ta yi makarɓiya, ta rubuta takarda, ta shiga ofis ta fita ofis, har sai da aka zagaye filin da shingen waya aka sa maigadi. Tsohon ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa.

"Ranki ya daɗe, ina zan kai su?"

"Baba, duniya da faɗi," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi daga littafinta ba. Ta kuma gaya wa maigadi kada ya sake barinsa ya matso kusa da wayar.

Shekara biyu na farko ta ji daɗinta. Ciyawar ta yi kore shar, ta yi tsawo, 'yan shuɗin suka ƙaru, ta ƙirga ɗari uku da ɗoriya a tafiya ɗaya. Aka ɗauki hoton shingen aka liƙa a zauren cibiyar. A taro kuwa, in ana maganar kare ƙwari, sai a ce a je a ga abin da Dakta ta yi.

Daga shekara ta uku abin ya fara zamewa. Ɗari biyu. Ɗari da goma. Sittin. Ta ce ƙarancin ruwan sama ne. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba su dawo ba. Ta ce feshin gonar maƙwabta ne, ta je ta yi musu tas, suka daina, ba su dawo ba. Har maigadi ta zarga da buɗe wa awaki ƙofa a ɓoye, bawan Allah ya yi ta rantsuwa har da hawaye. Ta rame, ta zama mai saurin fushi, abinci ma sai mijin ya tsaya a kanta. Tsoro ne ya cika mata ciki, tsoron a ce a hannunta irin ya ƙare, ita da ta fi kowa sonsa.

Shekara ta goma sha ɗaya da kafa shingen, wata Talata, huɗu kacal ta ƙirga. Ta fito, ta zube a ƙasa a wajen ƙofa, gefen 'yar hanyar da maigadi ke bi da kekensa. Nan ta ga mace ɗaya cikin 'yan shuɗin ta sauka a kan wata ƙanƙanuwar ciyawar nan mai yaɗo, tsigaggiya, wadda tayar keke ta gama tattakewa. Ta bubbuga ganyen, ta lanƙwasa ciki, ta ajiye ƙwai. A ƙarƙashin ganyen kiyashi ne ke ta kai da kawo.

Dakta ta ɗora tafin hannunta a ƙasar, ta ji ɗumi. Ta tashi ta koma cikin shingen, ta ratsa ciyawar da ta kai mata gwiwa, ta tura hannu har ƙasa. Sanyi ƙalau, da danshi. Ta rarrafa ta nan, ta rarrafa ta can, har azahar, ba ta ga kiyashi ko ɗaya ba.

Ashe ƙasa mai shan rana kiyashin ke so. Awakin nan da ta kora su ne ke aske ciyawa rana ta samu ƙasa. Sukan ci ƙwai arba'in, gaskiya ne, amma su bar wa dubu wurin rayuwa. Ƙa'idar ƙirgar kuwa ita ce ka dubi gabanka, taku biyar, daidai tsayin fiffike. Shekara goma sha ɗaya tana bin ƙa'ida sau da ƙafa, ba ta taɓa duban ƙarƙashin takalminta ba. Garin neman gira ta rasa ido.

Da yamma ta baje littattafan a kan teburin cin abinci. Mijin ya sa tabarau, ya bi lambobin da yatsa shekara bayan shekara, ya tsaya daidai inda suka juya. Ta jira ya yi barkwancinsa. Bai yi ba.

"Kin san inda Baba mai awakin yake zaune?" ya tambaya.

Ba ta sani ba, kuma wannan ma ya ba ta kunya. Sai da ta tambayi mutum uku kafin a nuna mata gidan. Ta same shi a kan tabarma a inuwar bango, ƙafa ɗaya a miƙe, gwiwar ta kumbura. A tsakar gidan turaku ne a kafe, babu ko igiya a jikinsu. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi.

"A'a, Malamar ƙwari ce? Lale. Tashi mana, 'yata, ga kujera."

Ba ta tashi ba. Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba, ta roƙe shi ya dawo da awakinsa ko da gobe ne.

"Awaki kuma?" Ya yi 'yar dariya. "Ai da kika rufe, sai bayan gada nake kai su. Shekara uku ina yi, gwiwa ta ce ba ta iyawa. Na rabu da su ɗaya bayan ɗaya." Ya gyara zaman ƙafar da hannu biyu. "Ni ma na ji kewar 'yan shuɗin nan. Da, in awaki suka sa baki, sai ka ga sun tashi fuu a gaban hancinsu. Amma tun damina ta biyu na san za su tafi. Ina wucewa na ga kiyashi na kwashe ƙwansu suna fita ta ƙarƙashin wayar, layi guda, kwana da kwanaki."

Ta ɗago ta dube shi. "Baba, ka gani? Me ya hana ka gaya mini?"

"Na zo, 'yata. Sau biyu. Maigadi ya ce kin ce kada in matso."

Ya faɗe shi ne ba da fushi ba, kamar mai ba da labarin wani. Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta fito tana kuka a titi, mace mai furfura, mutane na kallonta.

Washegari ta sa aka naɗe wayar. Ta ɗauki lauje da kanta, mijin ya ɗauki hutu ya zo da nasa, suka yi ta yanka har hannuwansu suka yi kanta. Ta aro awakin wata mata aka sake su a filin. Ƙasa ta sha rana, kafin shekara ta zagayo kiyashi suka dawo. Lokacin fitowar 'yan shuɗin mako shida ne kawai. Ta yi tafiyarta Talata ta farko, ta biyu, ta uku, tana gaya wa kanta ai wani lokaci sukan makara.

Talata ta shida ta kai ƙarshen hanya, ta juyo, ta dawo har inda ta fara. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta buɗe littafin ta rubuta sifili, karo na shida. A gefe akwai gurbin da ake rubuta dalili, inda shekara da shekaru take sa ruwa, ko iska, ko feshi. A nan ta rubuta: Ni na kafa wayar.