Zagayen Inna

Gidan da aka kai ni aure a Gwaram gari ne guda da aka yi wa rufi. Daga Birnin Kudu na zo, ina ji da kaina 'yar birni, sai ga ni ina ɓata tsakanin ɗakina da rijiya. Soro na bin soro, lungu na shiga lungu, duk an rufe su da azara. A ciki akwai masaƙa, akwai mai kitso da mai koko, har da ɗan masallaci. Ko da damina mutum zai zaga shi kaf ruwa bai taɓa shi ba.

Ba a hawa dabba a cikin gidan, kowane irin baƙo a ƙofa yake sauka. Mutum ɗaya aka ɗauke wa wannan doka, wato Inna, kakar mijina, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Kowace safiya akan ɗora ta kan wani tsohon jaki da aka haifa a gidan, ta zaga sassa tana duba kwanan jama'a. Ba a jan sa. Ya san inda zai ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofa, yakan kuma rage tafiya a soron da Inna za ta sunkuya. Ni dai bayansa na riƙa bi har na koyi hanya, Inna tana tsokanata: "Amarya, jaki ya riga ki wayo."

Da arzikin mai ya shigo ƙasa, autan Inna ya dawo daga aikin titi da babur sabo fil. Ya ce abin kunya ne a ga uwarsa a kan jaki. Allah ya sani don ƙauna ya yi. Ya sayar wa wani mutumin Basirka da jakin, ya ce shi zai riƙa goya ta. Babur ya wuce soro na farko, a na biyu dokin ƙofa ya tare shi, hayaƙi ya turnuƙe har masaƙa suka fito suna tari. Aka nemo wani jakin, ya leƙa duhun lungu ya kafe. Aka aika Basirka, aka ce tuni an wuce da namu kudu.

Sai mutanen gida suka koma zuwa gaishe ta a ɗaki. Tana amsawa, amma tana ramewa. Ta ce mini, "Da wankakkiyar fuska suke zuwa. Ni so nake in tarar da su yadda suke a sassansu."

Daga nan kullum ni nake zagawa da ƙafa, in dawo bakin gadonta in ba ta labarin hanyar soro-soro: wa ya hura wuta, wa bai share ƙofa ba, tunkiyar wa ta haihu. In na tsallake wani lungu sai ta maido ni baya.

Yau an yayyanka gidan da bulo, kowa da ƙofarsa ta ƙarfe a bakin titi. Ina kewar duhun nan mai sanyi, ina kewar Inna fiye da haka. Abin da ya fi tsaya mini a rai wata safiya ce, ina ba ta labarin hanya, idonta a rufe. Na kawo lungun rijiya, inda jakin yakan tsaya ya yi gardama, na ɗan yi shiru ina haɗiyar yawu. Sai na ga ta bubbuga gefen gado da tafin hannu a hankali kamar wuyan jakin ne, ta ce, "Mu je mana."