Rariyar da Malam Ya Toshe

Gidanmu a Talatar Mafara kan gangare yake. Duk ruwan da ya sauka tsakar gida bayan ɗakina yake nufa, inda katanga ke riƙe da ƙasa kada ta zube cikin kwari. Maigidana, Allah ya jiƙansa, mahauci ne. Ya san saniya daga ƙaho har wutsiya, amma a kan gini akuya ta fi shi basira. Wata bakwai da rasuwarsa, kullum sai na yi kuka, amma na ce wa mai rubuta mini labarin nan kada ta gyara masa komai.

Da farko darnin kara ya yi, jakin maƙwabci ya cinye. Ya kafa zana, gara ta gama da ita. Sannan ya kwaɓa laka, ya yi tubali, ya gina, ya yaɓe da hannunsa, har da rariya a ƙasa don ruwa ya wuce. Sai wata kyanwa ta gano rariyar, tana shigowa tana ɗauke masa kilishin da ya shanya. Ya cusa dutse a ciki ya liƙe.

Na ce, "Malam, ruwan fa, ta ina zai fita?"

Ya ce, "Ke mi kika sani? Ya nemi hanyarsa."

Ya kuwa nema. Ruwan sama guda ya tafi da rabin katangar, da murhuna, da tukunyar da na zo da ita daga Bakura. Malam ya tsaya cikin taɓo ya ce laifin ƙasar ne, ba ta da danƙo. Kyanwa kuwa ta huta da matsewa, ta samu ƙofa.

Haka aka yi ta faci har ya rasu. Bana babban ɗana ya zo da magini. Maginin ya ce in ba a tashi tsaye ba, daminar nan ɗakina zai bi tukunyar. A sa dutsen Maradun da siminti a gindi, bulo a sama, a rushe tsohuwar duka.

Dutse na yarda, bulo na yarda. Rushewa ce na ƙi. A jikin yaɓen nan akwai sawun hannunsa, yatsa huɗu da rabi, wuƙa ta ci sauran.

Ɗana ya ce, "Inna, laka ce fa."

Na ce, "Kai ma laka ne, ai ban rushe ka ba."

Maginin ya yi dariya, ya ce zai gina sabuwar ta wajen kwari, ya bar mini kamu biyu na tsohuwar ta ciki, amma dole ya ciro dutsen Malam daga rariya. Na ce ya ciro, ya ƙara rariya biyu.

An yi ruwa uku, ɗakina na nan. Jiya kyanwa ta leƙo ta rariyar, daidai ƙarƙashin yatsunsa. Na ce mata shigo, mai korar ya tafi. Sai na zauna na yi kukana.