Sulhun Da Ba Wanda Ya Roƙe Ni A Guangzhou

Tun kafin 'yan majalisa su ƙara masa gishiri, bari in faɗa da bakina: wawan labarin nan ni ne. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, amma a Ƙofar Wambai an san ni da raba faɗa, kuma wannan baiwar ce ta kusa kunyata ni a Caina.

Kano zuwa Guangzhou

Na bar gida kafin kiran assalatu, uwargidana Hajiya na mita wai na manta maganin hawan jini. Muka yada zango a Adis Ababa, inda wani jami'i ya juya goron da ke jakata kamar ya kama harsashi. Washegari muka sauka. Isuhu, tafintana, mutumin Maraɗi da ya daɗe a garin, ya kai ni masauki, muka ci shinkafa da naman rago a wurin Musulmin Caina.

Kasuwar Zhanxi

Takalman Sallah suka kawo ni. Idan ba su shiga kwantenar makon nan ba, sai bayan Sallah su iso Kano, a sayar wa wa? Masu kayan su biyu ne, ɗaya mai shago, ɗaya mai masana'anta. Sunayensu sun fi ƙarfin harshena, don haka na sa musu Dogo da Gajere.

Muka tarar da mai jiran shago ita kaɗai. Na tambayi lauban, wato maigida. Ta ce, "Meyo," babu ke nan.

Isuhu ya yi yare da ita, ya juyo. "Baba, sun tafi unguwar Liwan musun addini. 'Yan Buda ne dukansu, amma kowa da hanyarsa."

Na san wasu abokai biyu a layinmu da suka raba shago da bulo saboda Maulidi. Idan waɗannan suka ɓata yau, takalmana sun zama marayu.

Na ce, "Tare mana tasi."

Liwan

A saman wani gidan abinci da ba a dafa nama muka same su. Mutane zaune a ƙasa, wata tsohuwa mai aski ƙwal cikin toka-tokar riga tana tsakiya. Dogo na tsaye yana nuna Gajere da yatsa, jijiyar wuya ta miƙe.

Isuhu na raɗa min: Dogo ya ce mutum rarrauna ne, ya yi ta ambaton sunan Buda har a ɗauke shi zuwa tsarkakakkiyar ƙasa. Gajere ya ce ba mai ɗaukar kowa, ka zauna shiru ka duba zuciyarka. Wato ɗan wuridi da ɗan shiru.

Da Gajere ya buga tafin hannunsa a tabarma, ban san lokacin da na shiga tsakaninsu ba. Na riƙe hannun wannan, na dafa kafaɗar wancan.

"Haba Dogo! Haba Gajere! Ku dubi furfurata. Kuna da iyali, kuna da kwastomomi!"

"Baba, don Allah zauna," in ji Isuhu.

"Fassara musu!"

Ya fassara. Sai tsohuwar ta yi murmushi ta sa aka ba ni shayi. Na zauna ina jin kaina kamar alƙalin alƙalai.

Da aka koma musun, sai ga Dogo yana kare zaman shiru, Gajere kuma yana kare wuridi. Na ce, "Isuhu, ka gani? Magana ɗaya na yi, kowa ya bi ɗan'uwansa. Sai dai sun wuce juna a hanya."

Isuhu ya danne dariya. "Ba kai ba ne, Baba. Dokar tsohuwar ce. Kafin a tashi, kowa zai kawo hujjar abokin musunsa, sai shi mai hujjar ya ce e, haka nake nufi. Duk mako suke yi."

Haka kuwa aka yi. Gajere ya gyara wa Dogo magana sau biyu kafin ya yarda. Ba wanda ya sauya ra'ayi. Suka sunkuya wa juna, suka fito a mota ɗaya, Dogo na tuƙi.

Na ce a tambaye su batun takalma. Gajere ya ce tun jiya suke wurin masu lodi. Wallahi sai a lokacin na ji ɗanɗanon shayin.

Gida

Na iso Kano lafiya, kaya suka biyo baya a kan kari, alhamdu lillahi. Ina godiya ga Isuhu da bai yayata ni a masauki ba, sai ga 'yan Maraɗi kawai.

Ran nan bayan la'asar na tsare majalisa da wa'azi: mu koyi musu irin na mutanen nan. Malam Ado maƙwabcina, wanda ke sakin hannu a salla ni kuwa ina kamawa, ya gyara zama.

"To bisimilla, Alhaji. Kawo hujjarmu ta sakin hannu, har in ce haka nake nufi."

Na ce, "Ai ku ba ku da hujja."

Ya kaɗa kai. "Ashe takalman ne suka yi tafiya. Kai kana nan inda muka bar ka."