Ƙasar Danne Gindin Gada

Shekarar da ruwa ya yanke mana hanyar gona, ina saurayi a ƙauyenmu kusa da kufan Alkalawa. Kwazazzabon ya yi faɗi, giginya mafi tsawo da muka samu ba ta kai daga baki zuwa baki ba. Malamin firamare ne ya zo dandali da wani tsohon littafi, ya nuna wa dattawa hoton gadar ƙarfe ta ƙasar Turawa, ya ce tana cikin mafiya tsawo a irinta duk duniya. A hoton, hannun gadar ya miƙo daga wannan gaɓa, wani daga waccan, tsakiya babu ginshiƙi ko ɗaya, jirgin ƙasa kuma na bi ta kai. Kawuna ya riƙe baki, ya ce wannan sai aljannu. Malamin ya ce nauyin da ya danne gindin shi ke riƙe da kan, mu ma za mu iya da giginya.

Muka kwantar da itatuwan, kawunansu na leƙen ramin, saura ƙasar da za a danne gindinsu. Aka tura mu wani tudu kusa da tsohuwar ganuwa, ni ke sara da diga. Na ji ta bugi wani abu, na sa hannu ina zaton tsohuwar tukunya ce, sai na ɗago ƙoƙon kan mutum. Ƙarƙashinsa akwai wasu, manya da ƙanana, da bakin kibiya duk tsatsa.

Aka kira liman. Kawu ya ce Gobirawa ne, kakanninmu, tun ranar da birnin ya faɗi. Wani dattijon Bafulatani da ke kiwo a wurin ya ce ƙila nasu ne. Liman ya daɗe a durƙushe yana dubawa.

"Ni dai ban ga tsagar gado ga ƙashi ba," in ji shi. "Za ni gida in kawo farin ƙyalle."

Muka naɗe su, muka mai da, muka rufe. Daga gonar kawu aka ɗebo ƙasa, aka ɗora wata giginya a tsakiya ta haɗa kawunan, gada ta tsaya, har jaki da kaya ya haye. Mutane suka yi ta murna. Ni kuwa har kaka ta shigo, in fartanyata ta bugi dutse sai in tsaya cak, in kasa duba ƙasa.