Hancin Baba Feshi

A garejin da ke bayan tsohuwar tasha, in ka tambayi mai fentin mota ba wanda zai ce maka wanne. Baba Feshi ake nufi. Dattijo ne siriri, mai furfurar da ba a cika ganin farinta ba, domin yau ta yi shuɗi-shuɗi, gobe ta yi ja, gwargwadon motar da ke hannunsa. Tun yana saurayi yake riƙe da bindigar feshi. Ya goge mota da samfefa, ya cike inda ta lotsa, ya tayar da kwamfiresa, injin da ke tura iska, sannan ya bi jikinta a hankali daga hagu zuwa dama. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma ba ya gajiya da faɗinta: hannun farko ba ya kama jiki, sai an bari ya sha iska an sake bi, an kuma sake bi.

Takunkumi kuwa a wuya yake rataye shi kamar ado, wai yana hana shi numfashi. To, tinar da ake sirka fenti da ita ba ta da mutunci. Sannu a hankali ta cinye masa hanci, har ya wayi gari ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari. Bai faɗa wa kowa ba. Kunya yake ji, sai ka ce sata ya yi. In ya shigo gida ya hango tukunya a wuta, sai ya ja numfashi ya ce, "Kai, maman yara, wannan ƙamshi ai sai ya kashe mutum!" Ita kuma ta yi masa sannu da zuwa.

Ana nan sai aka haifa wa babban ɗansa, mai aikin banki, ɗa namiji. Jikan fari ke nan, Baba Feshi kuwa ya zauce. Kullum in ya tashi daga aiki sai ya wanke hannu da fuska, ya haura benen da ɗan yake haya yana haki, tun daga ƙofa yana kiran, "Ina abokin nawa?" Sai dai abokin ba ya daɗewa a hannunsa. Da an miƙa masa shi, sai surukarsa ta ce lokacin shan nono ya yi, ko barci yake ji, ta karɓe.

Wata rana yana neman takalminsa a bakin ƙofa, ya jiyo muryarta daga kicin. Ma'aikaciyar jinya ce, yarinya mai ladabi, kuma ƙasa-ƙasa take magana da mijinta.

"Wallahi ba ƙin Baba nake ba. Amma warin tinar nan ya kama jikinsa, har ɗakin yake cikawa. Ƙirjin yaron nake ji wa tsoro. Ni kuma da wane baki zan faɗa masa?"

Dattijon ya sa takalminsa ya sauka. Bai ji haushinta ba, gaskiya ta faɗa. Abin da ya sosa masa rai shi ne, ashe shekara da shekaru yana yawo da wari a jiki, kowa na ji ban da shi.

Da ya isa gida ya taka kujera ya sauko da wani kwali daga saman kwaba. Turaren maza ne na wani babban kamfanin ƙasar waje, wanda ɗan nasa ya kawo masa tsaraba tun bara, yana cewa, "Baba, na kullum ne fa, ba na ajiya ba." Kwalbar baƙa ce mai nauyi, murfinta yana mannewa da kansa. Baba Feshi ya danna kan a iska, ya ga yadda raɓar ta bazu lumui ba ɗigo ko ɗaya, ya gyaɗa kai. Wanda ya ƙera wannan kan ya san aikinsa.

Washegari da safe ya yi wanka, ya tsaya gaban madubi, ya yi abin da ya iya. Ya bi ƙirjinsa daga hagu zuwa dama, ya bi kafaɗu, ya bi baya gwargwadon inda hannu ya kai. Ya tsaya ya sha iska. Ya sake bi. Ya kuma sake bi, har da hula.

A motar haya wata mata ta zuge gilashi duk da yayyafin da ake yi. Direban ya waiwayo ya ce, "Baba, yau an sha ƙamshi!" Baba Feshi ya ce, "Kaɗan dai," bakinsa har kunne. A gareji mai walda ya ɗaga tabarau ya ce a matsar da shi daga wuta kada ya tashi da su. Mai faci ya tambaya ko zance za shi. Aka yi ta dariya, shi ma yana yi, domin duk a yabo ya ɗauka. Haka ya yi ta yi kullum har kwalbar ta kusa rabi, kuma ba a sami mai ƙarfin halin da zai ja shi gefe ba. Mutane sun fi iya yi wa dattijo dariya da faɗa masa gaskiya.

Da ya tabbatar a ransa fentin ya kama, sai ya sa sabuwar riga, ya ƙara hannu ɗaya a gindin bene, ya hau. Surukar ta buɗe ƙofa ta durƙusa ta gaishe shi, idonta ya kawo ruwa. Mijinta ya yi tari ya kau da kai. Duk da haka ta miƙa masa yaron. Abokin nasa ya yamutsa fuska, ya yi atishawa, ya sake yi, sannan ya tsanyare da kuka har fuskarsa ta yi jawur. Wannan karon ba wanda ya karɓe shi. Baba Feshi ne da kansa ya miƙa shi, ya ce ya tuna ya bar kwamfiresa a kunne.

A ƙafa ya koma gida. Ya zauna bakin gado da kwalbar a hannu, bai ko cire hula ba. Matarsa ta shigo ta buɗe taga, ta zauna kusa da shi.

"Ya yi yawa ko?" ya tambaya, kansa a ƙasa.

"Ya yi yawa, malam. Tun daga kan layi nake sanin ka taho."

"Ba na ji ne, maman yara. Ba na jin komai. Ya daɗe."

"Na sani."

Ya ɗago ya dube ta.

"Tun ranar da ka yaba ƙamshin girkina alhali ruwan wanki na ɗora," in ji ta. "Na ga kana ɓoyewa, na ce bari in taya ka. Da na ga ka sauko da kwalbar nan kana murna, sai bakina ya yi nauyi. Laifina ne ni ma. Kawo."

Ta karɓe turaren. Daga ranar ta kafa dokarta: kayan aiki su kwana a gareji, takunkumi ya koma kan hanci tunda ƙirji dai yana nan, wanka da ruwan zafi da soso, kuma hannunsa ba zai sake taɓa kwalbar ba. Da safe ita ce za ta danna sau ɗaya a wuyansa ta mayar da murfi. Ya yi ƙorafi cewa hannu ɗaya ba ya kama jiki. Ta ce shi ba mota ba ne.

Ranar da suka koma gidan ɗan nasu tare, ko ɗayan ma ba ta fesa a wuya ba, a bayan riga ta yi shi tun da hantsi. A bakin ƙofa ta sunsuna kafaɗarsa ta ce, "Mu je." Surukar ta ɗora masa yaron a cinya ta tsaya kusa. Yaron ya ƙura masa ido, ya kama ɗan yatsansa mai ragowar shuɗin fenti a gefen farce, ya yi hamma. Can sai ya kwantar da kunci a ƙirjinsa ya yi barci. Surukar ta koma kicin abinta.

Baba Feshi ya daɗe bai motsa ba, har ƙafarsa ta yi tsami. Sannan ya sunkuya ya sa hancinsa a tsakiyar kan yaron, kamar yadda ya ga kowa yana yi, ya ja numfashi mai tsawo. Bai ji komai ba.

"Maman yara," ya ce a hankali, "ƙamshin me yake yi?"

Ta matso ta sunsuna.

"Nono da hoda," in ji ta. Ta sake sunsunawa wajen kuncin da ya kwanta a ƙirjin kakan. "Nan gefen kuma naka ne ya kama shi."