Wanda Ya Juya Kyamara

A shekarata ta ƙarshe a jami'a a Gashua, malaminmu ya tura mu, mu huɗu, wani daji da ke kan hanyar Nguru, inda bareyi suka rage 'yan kaɗan. Diloli ne ke cinye 'ya'yansu tun ba su iya gudu ba. Aikinmu shi ne mu gano makwancin bareyin, mu tare hanyar dilolin da ƙaya, mu ɗaura kyamara a jikin aduwa.

Mai gari ya haɗa mu da wani dattijo, tsohon maharbi. An ce ya daɗe da ajiye bindiga, amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Ba ya kallon mutum in yana magana, kuma kullum sai ya riga mu shiga dajin.

A mako na biyu ɗan barewa ɗaya ya ɓace. Babu jini, babu gashi, kyamarar kuwa an juya fuskarta tana kallon itace. A cikin yashi muka ga sawun takalmin taya irin nasa. Abokina ya ce rabin ƙauyen irinsa suke sawa.

Washegari da hantsi na bi shi daga nesa. Na tarar da shi tsugune a inda muke cin abinci, yana tsince wani abu yana zubawa a jaka.

“Baba, me ake tsinta?”

“Ƙayar kifinku,” in ji shi, bai ɗago ba. “Warin bandar da kuke sayowa a Nguru ke kiran dila. In ya gama nan, sai ya bi sawunku har makwancin.”

Kunya ta kama ni. Duk da haka na tambaye shi batun kyamara. Ya ce makiyaya ba sa son a ɗauki hotonsu, ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

Muka daina cin abinci a daji, kuma har muka gama ba mu sake rasa ko ɗaya ba. A rahotona na rubuta cewa dila ne ya ɗauke ɗan barewar da ya ɓace. Malam ya tambaye ni ko na tabbata, na ce a'a.

Ranar da za mu tafi dattijon ya faɗa mana akwai wani makwancin can bakin fadama, da ya fi namu yawan bareyi. Na roƙe shi ya nuna mana don mu sa a taswira. Ya daɗe yana kallon takardar da ke hannuna.

“Ɗana, taswirar nan hannun wa za ta shiga bayan kun tafi?”

Ban sani ba, haka kuwa na faɗa masa. Ya raka mu bakin titi, ya koma.