Ƙahon Kawu

Shekaru sun ja, ta yiwu na rikita waɗansu abubuwa, amma ranar da aka yi wa kawuna ƙaho a Goronyo ba za ta fita raina ba.

Zamanin Turawa ne. Ban daɗe da gama makarantar koyon aikin asibiti ba, aka ajiye ni ɗakin shan magani na Wurno. A ƙarshen damina saƙo ya zo cewa zazzaɓi ya kayar da kawu farat ɗaya, yana cikin gyaran fadamarsa ta albasa. Na hau keke, inda ruwa ya yanke hanya in saɓa shi a kafaɗa.

Na iske shi a zaure, jiki zau, wanzamin gidanmu, Sarkin Aska, yana jera ƙahonni. Ba zafin jikin ne ya tsorata ni ba. Ɗigo-ɗigo ja na gani a cikin damtsensa, asawakin da ya ajiye kuma duk jini. A makaranta an nuna mana waɗansu 'yan ƙwayoyi a madubin likita, masu sa jini ya daskare. Aka ce wani zazzaɓin yana rage su, har ƙaramin yanka ya ƙi tsayawa. To ni ba madubi, ba kuma tabbas.

Na durƙusa na ce, "Kawu, ina ganin a dakata da ƙahon nan. Ƙila jinin ya ƙi tsayawa."

"Ƙila? Kai komi naka ƙila na! Mi Turawanka sunka ba ka in sha?"

"Kwinin."

"Na sha jiya. Ɗaci ɗai."

Sarkin Aska ya yi dariya. "Malam likita, ni niy yi maka kaciya, ga ka nan bisa keke."

Na roƙa, na sake roƙo, har na nuna musu asawakin. Kawu ya dafe kai ya ce, "Kaina za shi tsage. Sarki, tsaga!"

Aka tsaga ƙeya da kafaɗu. Da aka cire ƙaho, jinin da ya kamata ya fito guda-guda sai ya yi ta tsiyaya. Sarkin Aska ya barbaɗa garin bagaruwa, jini ya wanke shi. Ya ƙara, jini ya sake wankewa. Dariya ta ƙare. Na yage rawanina na danne tsagar ƙeya da ta kafaɗa guda, Sarkin Aska ya danne ɗaya kafaɗar. Tun hantsi muke a haka, muna ɗura wa kawu ruwa da kunu, leɓunansa sun yi fari. Hannuna ya mutu, gwiwata ta sage. Can Sarkin Aska ya ce a hankali, "Wanga jini ruwa na." Sai bayan la'asar ya lafa.

Allah ya yi da sauran kwana. Kawu ya daɗe a kwance, ya tashi. Daga baya na ji shi a kasuwar Rabah yana ba abokansa labari: "Mugun jini Sarkin Aska ya hidda mini, kusan ƙwarya guda! Ɗan ƙanwata ko sai rawar jiki." Na yi ta gyara zancen har na gaji na bari.

Har yau ba zan rantse cewa ƙwayoyin nan ne suka ragu ba, don ba wanda ya auna. Abin da na koya dai, in zazzaɓi ya zo da ɗigo a fata ko jini a dasashi, kada ƙarfe ya taɓa jikin. Kuma mai aikin lafiya kada ya jira a ce ya yi daidai, ran majinyaci ya ishe shi.

In akwai wanda ya zauna a zauren nan ranar, don Allah ya aiko mini da gyara. Ina so in san ko wani ma ya ga ɗigon nan, ko ni kaɗai ne.